Dalilin da Ya Sa Su Yake da Lokaci: Darasi daga Gulbin Argungu

Duk wanda ya taɓa halartar bikin kamun kifi na Argungu zai lura da cewa ba a yin sa da damina. A kan yi shi ne a watan Fabrairu ko Maris, lokacin da sanyin hunturu yake janyewa, zafin bazara kuma yake ƙaratowa. Wannan zaɓi yana da tushe a rayuwar kifi da yanayin ruwa. Kabawa sun daɗe da fahimtar haka ta hanyar lura, ilimin halittu kuma ya zo ya bayyana dalilansa.

Shekarar kifi

Gulbin Rima yana haɗuwa da gulbin Sakkwato a kusa da birnin Sakkwato, sa'an nan ruwan ya gangaro ta Argungu da Birnin Kabi har ya faɗa cikin kogin Kwara. Damina a wannan yanki gajera ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ruwan sama ya fi yawa a watan Agusta. Idan gulbi ya cika ya batse, sai ruwa ya malale fadamu, ya rufe ciyayi da gonakin shinkafa.

Wannan ambaliya ita ce lokacin hayayyafar yawancin kifaye. Tarwaɗa takan bi sabon ruwa ta shiga cikin ciyawa ta zuba ƙwai. Bargi yakan gina sheƙa da ciyawa a ruwa marar zurfi. Macen karfasa kuwa a cikin bakinta take ɗaukar ƙwanta har su ƙyanƙyashe. Fadama tana ba ƙananan kifaye abubuwa biyu: abinci da maɓuya. Ruɓaɓɓen ganye da kashin dabbobi suna ciyar da ƙananan halittun da ido ba ya gani, su kuma su ciyar da tsutsotsin ƙwari, tsutsotsin su zama abincin kifi. A cikin waɗannan watanni ne kifi yake yin mafi yawan girmansa na shekara, ya tara kitse.

Idan ruwa ya fara janyewa bayan damina, kifaye sukan koma cikin gulbi da tafkuna da gurabe masu zurfi. Kafin Fabrairu, kifin da ya warwatsu a faɗin fadama ya tattaru a wuri kaɗan, ruwa ya rage gudu, an kuma gama hayayyafa. Shi ya sa su a wannan lokaci yake da albarka, ba ya kuma taɓa irin baɗi da yawa.

Zafi da iskar numfashi

Kifi yana samun iskar oksijin ne daga wadda ta narke a cikin ruwa. Ƙa'idar da ya kamata ɗalibi ya riƙe ita ce, iyakar ɗumin ruwa, iyakar raguwar iskar da zai iya riƙewa. Lita ɗaya ta ruwa mai zafin digiri 20 a ma'aunin Salshiyos tana iya riƙe kimanin miligiram 9 na oksijin, amma a digiri 30 sai ya ragu zuwa kimanin 7.5. Bugu da ƙari, zafin jikin kifi yana bin na ruwa, saboda haka buƙatarsa ta iska tana ƙaruwa ne a daidai lokacin da iskar take raguwa.

Kowane kifi da dabararsa. Tarwaɗa tana da wata gaɓa mai rassa a saman matatar numfashinta wadda take ba ta ikon shaƙar iska daga sama, don haka takan rayu a kududdufin da wasu kifaye suka mutu. Gaiwa tana da huhu, kuma idan tafki ya ƙafe takan shige cikin taɓo ta kwanta har ruwa ya dawo. Giwan ruwa ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Dole ya nemi gurbi mai zurfi da wadatar iska. Masuncin da ya san gurabe ya san inda zai same shi.

Kayan aiki da yanayin ruwa

Ruwan Matan Fada, inda ake gasar, mai launin ƙasa ne saboda laka, ba a ganin abin da ke ƙarƙashinsa. Kayan masuncin Kabi sun dace da wannan hali. Babban gora yana ɗauke da shi a kan ruwa, kuma a cikinsa yake zuba ƙananan kifayen da ya kama. Homa, wato komar hannu, ita yake nutsawa da ita ya lalubo kifi. Idan dubban mutane suka faɗa ruwa lokaci ɗaya, kifi yakan ji motsinsu ta wani layin jijiyoyi da ke gefen jikinsa, ya firgita, ya gudu daga wannan homa ya faɗa waccan. Ta haka aka kama wani kifi mai nauyin kilo 75 a bikin shekarar 2005.

A duwatsun Turai da Amurka lamarin ya sha bamban. Rafukansu masu sanyi ne, garai-garai, masu gudu a kan duwatsu. Kifin da ake kira tirawut yana farauta da ido, ya tsaya a bayan dutse yana jiran ƙwarin da ruwa zai kawo. Idan sanyi ya wuce, ƙanƙara ta narke, ruwa ya fara ɗumi, sai tsutsotsin ƙwari su taso su yi fuka-fuki. Masunci yakan ɗaura gashin tsuntsu da zare a jikin ƙugiya ta yi kama da ƙwaron da yake fitowa a wannan mako, ya jefa ta a hankali ruwa ya ɗauke ta. Wannan dabara ba za ta yi amfani sosai a gurɓataccen ruwan laka ba, kamar yadda homa ba za ta yi a rafi mai duwatsu ba. Amma asalin hikimar ɗaya ce, wato sanin halin kifi da lokacinsa.

Abin da ke barazana

Tun kafin bikin zamani, wanda ake danganta farkonsa da ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu zuwa Argungu a 1934, Kabawa suna da al'adar gyaran ruwa da fashin ruwa. Ba a shiga keɓaɓɓen ruwa sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. A idon masanin halittu, wannan doka ce ta hutar da ruwa domin kifi ya girma. Hukumar UNESCO ta sanya bikin cikin jerin al'adun gadon ɗan Adam a 2016.

Sai dai doka kaɗai ba ta isa ba idan ambaliya ta ragu. An kammala madatsar Bakolori a kan gulbin Sakkwato a 1978, ta Goronyo kuma a kan Rima a 1984. Madatsun suna da amfani ga noman rani da ruwan sha, amma suna rage faɗin fadamar da ruwa yake rufewa, suna kuma sauya lokacin zuwansa. Inda fadama ta tsuke, wurin renon kifi ya tsuke. Ga kuma koma mai ƙananan idanu da take kwashe kifin da bai kai haihuwa ba, da masu zuba guba a ruwa. Manyan kifaye irin giwan ruwa su ne suke fara ɓacewa, domin sukan ɗauki shekaru kafin su yi girman da ake alfahari da shi. Abincin gidaje masu yawa a kwarin Rima yana rataye ne da wannan al'amari.

Aikin ɗalibai

1. A auna zafin ruwan wani tafki da asuba da kuma azahar har mako guda, a lura da lokacin da kifaye suke tasowa sama su buɗe baki.
2. A tambayi wani tsohon masunci sunayen kifayen da ake samu a ƙuruciyarsa, a kwatanta da waɗanda ke kasuwa yau.
3. A bayyana dalilin da ya sa hana su da damina yake ƙara yawan kifi da rani.