Darasin Lafiya: Idan Ciwo Ya Kama Matafiyi a Birnin Akra

Dogon hutu ya gabato, kuma mun san wasunmu daga Tambuwal da Kebbe za su bi yayyensu ko kawunnansu zuwa Kudu, wasu ci-rani, wasu buɗe ido. Akwai waɗanda ba sa tsayawa a Legas, sai sun tsallaka Kwatano da Lome sun isa Akra, babban birnin ƙasar Gana da ke bakin teku. Darasinmu na wannan mako shi ne ciwon da ya fi kayar da baƙo a irin wannan birni, wato amai da gudawa, da abin da ya kamata a yi idan ya zo.

Wane gari ne Akra?

Akra ta zama hedikwatar ƙasar tun 1877, zamanin Turawan Ingila. Baƙo zai so ya ga wurin tunawa da Kwame Nkrumah, da kasuwar Makola, da bakin ruwan Labadi, da babban masallacin ƙasa na unguwar Kanda wanda aka buɗe a 2021. A unguwannin Nima da Sabon Zongo da Hausa ake ciniki, ga koko da ƙosai da safe, ga shinkafa da wake da suke kira waakye. Wannan ne ke sa ɗan Arewa ya saki jiki kamar yana gida. Amma kunne ne kawai ya ji yaren gida, ciki bai saba da ruwan garin ba.

Me ke kawo ciwon?

Ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, waɗanda ke fita cikin bayan gidan mai ciwo su shiga ruwan sha ko abinci. Mafi haɗari ita ce kwalara. Tana iya bayyana tsakanin awa 12 zuwa kwana 5 bayan ta shiga jiki, zawonta kuwa tsararo ne kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Birnin da ke da cunkoso, wanda kwatocinsa ke ambaliya da damina, shi ne wurin da ta fi yaɗuwa. A 2014 ta kama mutum fiye da 28,000 a Gana, akasarinsu a Akra da kewaye, fiye da 200 suka rasu.

Matafiyi ya fi ɗan gari shiga haɗari. Yana yini a rana, ƙishirwa ta sa ya sha duk ruwan da ya samu, ya ci abinci a tasha ba tare da wanke hannu ba, kuma bai san hanyar asibiti ba.

Rashin ruwa ne ke kisa

Nan ne zuciyar darasin. Mai gudawa yana zubar da ruwa da gishirin jikinsa, jini ya ragu, ƙoda ta gaza. Kwalara na iya kashe ƙato cikin 'yan awoyi idan ba a mayar masa da ruwan ba. Alamomin su ne bushewar baki, faɗawar idanu, ƙarancin fitsari, jiri, da fatar da idan an tsunkule ta ba ta komawa da sauri.

Maganin farko ba shi da tsada. A sayi ƙullin ORS a kemis, a zuba a yawan ruwan da aka rubuta a jikinsa. Idan babu, a samu lita 1 ta ruwan da aka tafasa ya huce, a sa sukari ƙaramin cokali 6 a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali. Kada a ƙara gishiri fiye da haka, domin yawansa illa ne. A riƙa kurɓa kaɗan-kaɗan. Idan amai ya zo, a jira minti 10 a ci gaba. Abin da ya kwana ya yini, a zubar a haɗa sabo. Hikimar sukarin ita ce yana taimaka wa hanji ya tsotse gishiri, ruwa kuma ya bi gishirin zuwa cikin jini.

Yaushe za a tafi asibiti?

Nan take, idan zawo ya zama kamar ruwan shinkafa, ko an ga jini a ciki, ko mutum ya kasa riƙe abin da ya sha, ko ya fara gigicewa. A ci gaba da ba shi ruwan gishiri da sukari a kan hanya. Babban asibitin koyarwa na garin shi ne Korle Bu, wanda aka buɗe a 1923, amma asibitin da ya fi kusa shi ne ya fi amfani. Idan zazzaɓi ne, a yi gwajin jini kafin a sha magani, domin zazzaɓin cizon sauro da taifot suna kama da juna. Babban kuskuren baƙo shi ne ɓoye ciwo don kunya ko tsoron kashe kuɗin mota. Ka faɗa wa mai masaukinka tun da wuri, kuma kada ka hau doguwar mota da gudawa.

Kafin a ɗaure jaka

1. A yi allurar rigakafin zazzaɓin shawara aƙalla kwana 10 kafin tafiya, a riƙe katin, domin Gana na neman sa ga mai shigowa daga Najeriya.
2. A sa ƙullin ORS, sabulu da gidan sauro a jaka.
3. A rubuta lambar wayar gida da ta mai masauki a takarda, a ware kuɗin magani daban.
4. A sha ruwan da aka tafasa ko na roba da ba a fasa ba, a guji ƙanƙarar da ba a san ruwanta ba.
5. A ci abinci da zafinsa, a ɓare lemo da ayaba da hannun kai bayan an wanke shi da sabulu.

Kada wanda zai yi hutu a gida ya ce darasin bai shafe shi ba. A 2021 kwalara ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, kuma jiharmu ta Sakkwato na cikin waɗanda abin ya taɓa. Rijiyar da ba murfi a ƙauyenmu da kwatar Akra hanyarsu ɗaya.

Aikin gida: kowa ya haddace ma'aunin ruwan gishiri da sukari, ya koya wa mutum biyu a gidansu kafin hutu. Allah ya kai matafiyanmu lafiya, ya dawo mana da su lafiya.