Kafin a ce Baba ya ruɗe: yadda ake kai tsoho gwajin mantuwa

In tsoho ya fara maimaita tambaya ɗaya tun hantsi har azahar, ko ya riƙa kiran jikarsa da sunan ƙanwarsa da ta daɗe da rasuwa, abin da aka saba faɗa a Magama ta Jibiya shi ne gigin tsufa ne, sai haƙuri. Haƙuri ibada ne, amma bai hana neman magani ba. Tsufa kaɗai ba ya sa mutum ya ɓata tsakanin gidansa da masallacin da ya yi shekara arba'in yana salla a ciki. Wannan ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma muna da shi: binciken da likitoci suka yi a Zariya, wanda aka wallafa a 2011, ya same shi a kusan kashi 3 cikin 100 na tsofaffin da aka duba.

A asibiti akan fara da ɗan gwaji na baki da takarda. Wanda ya fi shahara shi ne MMSE, da aka fitar a Amurka a 1975, sai MoCA na Kanada da aka wallafa a 2005. Kowanne maki 30 ne. Za a tambayi tsoho kwanan wata da shekara, a ce ya riƙa cire bakwai-bakwai daga 100, ya kwaikwayi zane, a MoCA ma ya zana agogo.

Matsalar ita ce, don 'yan boko aka tsara tambayoyin. Likitocin ƙasar Sin sun ga haka tun a shekarun 1980, lokacin da suka gwada dubban tsofaffi a birnin Shanghai. Sai suka raba ma'aunin: wanda bai yi makaranta ba, ana fara zargin ciwon ne daga maki 17 zuwa ƙasa, mai ilimin firamare daga 20, wanda ya kai sakandare daga 24. Tiyar wata kasuwa ba a auna hatsin wata da ita. A Ibadan ma, masu binciken da suka fara aiki a 1992 sun haɗa da tambayar 'yan gida, daga baya suka ƙirƙiro gwajin jera tsinken ashana a madadin riƙe biro.

Mu dubi dattijon bakin iyaka. Ya san watan Azumi da na Sallah, ya san yau saura kwana nawa kasuwa, amma Oktoba ba ta dame shi ba. Lokacinsa azahar da la'asar ne. Yana rubuta ajami tsaf, biro da boko kuwa bai taɓa ba. In daga Ɗan Isa ko Maraɗi ya tsallako, da dala da jika yake lissafi, kuma zai iya juya sefa zuwa naira a ka, kafin ɗan jami'a ya lalubo waya. Irin wannan in ya ci maki 19, a ganina ba a gano komai ba tukuna.

Saboda haka, wanda zai raka shi ya zama mai kwana gida ɗaya da shi, ba ɗan da ya zo daga Abuja jiya ba. Tun da farko ku gaya wa likita iyakar karatunsa, allo ne ko boko, da sana'ar da ya yi. Ku nemi a yi gwajin da Hausa. Ku je da safe bayan ya karya, da tabaransa in yana sawa, ku kuma faɗa in kunnensa ya yi nauyi, don tsohon da bai ji tambaya ba zai faɗi ko da ƙwaƙwalwarsa garau take. Kada ku raɗa masa amsa; kunyar da kuke rufe masa cutarwa ce.

Shaidarku ta fi makin nauyi. Abin da likita ke son ji shi ne me ya canza, kuma tun yaushe. Da Inna ce ke riƙe adashin unguwa, yanzu canjin naira 500 na gagararta? Raka'o'i sun fara rikice wa Baba? Ana barin tukunya a wuta har ta ƙone? Ku tafi da duk magungunan da yake sha a leda, har na gargajiya da na kemis.

Ruɗewar da ta zo farat ɗaya, cikin kwana ɗaya ko biyu, daban take. Zazzaɓi, ciwon mafitsara, faɗuwar suga ko shanyewar ɓarin jiki na iya kawo ta, kuma a ranar ake kai mutum asibiti. Haka tsohon da 'yan bindiga suka raba da ƙauyensa, ya daina ci ya daina magana: yana iya zama ciwon damuwa, wanda ake warkewa. Ita cutar Alzema, ɗaya daga cututtukan mantuwa, ba ta da maganin warkewa har yau, amma kula da hawan jini da suga na rage ɓarnar da ke samun jijiyoyin ƙwaƙwalwa.

Ku fara da Babban Asibitin Jibiya a auna jini da suga. In mantuwar ta ɗauki watanni tana ƙaruwa, ku nemi takardar tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina, wajen likitan ƙwaƙwalwa.