Dainoso a Kan Sarki: Abin da Mai Tarawa Zai Koya

Tun daga shekarar 1840, lokacin da Ingila ta fitar da kan sarki na farko a duniya, mutane suke tara wannan 'yar takarda don sha'awa. Wasu kan zaɓi fanni guda su tsaya a kansa, kamar tsuntsaye ko jiragen ƙasa. Daga cikin fannonin da ɗalibin kimiyya zai fi ƙaruwa da su akwai na dainoso, wato dabbobin nan da suka ƙare kimanin shekaru miliyan 66 da suka wuce, in ban da tsuntsaye waɗanda daga zuriyarsu suka fito.

Ƙasar Sin ce ta fara sanya dainoso a kan sarki, a 1958. Dabbar da aka zana ita ce Lufengosaurus, wadda masani Yang Zhongjian ya yi bayanin ƙasusuwanta bayan an tono su a lardin Yunnan. Beljiyam ta fitar da nata a 1966 da hoton Iguanodon, wanda masu haƙar kwal suka ci karo da ƙasusuwansa a Bernissart a 1878. Ingila kuwa ta fitar da guda biyar a 1991, don tunawa da Richard Owen, mutumin da ya ƙirƙiro sunan dainoso.

Sai dai wajibi ne mai tarawa ya san cewa kowane kan sarki ilimin zamaninsa yake nunawa. Na da sukan nuna dabbar tana jan wutsiya a ƙasa kamar damo, alhali binciken ƙashi da na sawun ƙafa ya tabbatar da cewa ɗage ta take yi. Haka kuma tun daga 1996, da aka gano Sinosauropteryx a Sin, aka san cewa wasunsu suna da gashi irin na tsuntsu.

Misali mafi shahara ya faru a Amurka a 1989. Hukumar gidan waya ta fitar da guda huɗu, sai masana suka yi ca a kanta. Na farko, Pteranodon da ke cikinsu ba dainoso ba ne, dangin masu rarrafe ne mai tashi sama. Na biyu, an rubuta Brontosaurus, sunan da aka jingine tun 1903 saboda an ɗauka dabba ɗaya ce da Apatosaurus. Abin mamaki, a 2015 wani sabon bincike ya nuna cewa jinsinsu daban ne, ya dawo da sunan.

Saboda haka bai isa a liƙa kan sarki a kundi a rufe ba. Kamata ya yi a rubuta ƙasa, da shekara, da sunan dabbar a ƙarƙashin kowanne, sannan a jera su bisa shekaru. A riƙa ɗaukarsu da hantsaki don kada haƙoran gefe su cire, a kuma nisanta su da laimar damina. A yi hattara da na jabu, waɗanda ake bugawa da sunan wata ƙasa ba da izininta ba. Wanda ya kiyaye wannan, kundinsa zai nuna masa yadda masana suke gyara fahimtarsu duk lokacin da sabuwar hujja ta fito daga ƙasa.