Ku Nuna Aikin Tun Yana Ɗanye

A watan Fabrairun 2001, masu harkar manhaja 17 suka haɗu a Snowbird, jihar Yuta ta Amurka, suka fitar da ƙa'idojin Agile. Wadda na fi riƙewa ita ce: kada ku ɓuya wata shida kuna gini, sannan ku kawo wa wanda ya ba ku aikin abin da bai nema ba. Duk mako biyu ku miƙa masa yankin da ke aiki, ko shafin rajista ne kawai, ya danna da hannunsa. In ya sauya ra'ayi, kada ku ɗaure fuska. Gara yanzu, tun siminti bai bushe ba.

Taron da masu aikin kan yi kowace safiya kuwa, minti 15 a tsaye, kada wani ya miƙe ƙafa ya ɓarke da labari.