Manhaja Mai Aiki A Bayan Fage

Kannel manhaja ce da ke zaman ƙofa tsakanin kwamfuta da kamfanin waya. Ta nan gajerun saƙonni ke shiga da fita. Ba a barin irinta a buɗaɗɗiyar taga, domin da zarar an rufe tagar aiki ya tsaya. A Linux akan damƙa ta ga systemd, wanda ya fito a 2010, ta koma aiki a bayan fage. In an rubuta masa Restart=on-failure, duk lokacin da ta faɗi zai tashe ta.

Ɗalibi ya lura da aikatau ɗin. "Faɗi" ya fi "mutu" dacewa a nan, tunda tashi za ta yi. Sai dai a sa 'yar tazara, don in aka tashe ta sau 5 cikin daƙiƙa 10, systemd yakan haƙura ya ƙyale ta kwance.