Tsohon Keke Mai Giya: Neman Kayansa da Gyaransu

A gidaje da dama akwai tsohon keke jingine a zaure ko bayan ɗaki, an haƙura da shi don giya ta daina shiga. Galibi babu abin da ya karye, waya ce ta yi tsatsa ko saiti ya goce. Kafin a miƙa shi ga 'yan jari-bola, a gwada waɗannan.

1. Fara gane irin giyar. Akwai ta ciki, wadda ke ɓoye a cibiyar ƙafar baya, irin Sturmey-Archer da ake samu a kekunan Raleigh na Ingila. Akwai ta waje, mai ɗan hannun ƙarfe da ke tura sarƙa daga haƙori zuwa haƙori, irin su Shimano da SunTour na Japan, da Simplex da Huret na Faransa. Idan Sturmey-Archer ce, goge cibiyar da tsumma da kananzir: za ka ga sunan samfurin, da shekara da watan ƙira. Idan ka ga 74 da 6, ai Yunin 1974 ke nan. Wanda ya ga AW ya yi sa'a, don tun 1936 aka fara yin ta, kuma yawancin kayan cikin ta wata shekara suna shiga ta wata.

2. Kada ka kwance komai sai ka duba waya. Zare ta daga bututunta, in ta tsattsage ko ta yi ja, canza. Kula, wayar giya daban, ta birki daban.

3. Saitin AW a giya ta biyu ake yin sa, kuma a nan masu gyara da yawa ke kuskure. Daga bakin ƙarfen da ƙafar baya ke juyawa a kai, ta ɓangaren dama, wata 'yar sarƙa tana fitowa, haɗe da siririn sanda mai zare. Ɗaure sandan da yatsu har ya tsaya, sannan ka ɗan sassauta shi, kada ya wuce rabin juyi, don sarƙar ta fuskanci waya. Sa lamba 2, leƙa ta ramin da ke jikin dogon notin da sarƙar ke fitowa ta cikinsa, ka riƙa murɗa mahaɗin waya har kafaɗar sandan ta yi daidai da bakin ƙarfen. Sai ka ƙulle da ƙaramin notin. Dalilin wannan tsanani: tsohuwar AW tana da wani gurbi tsakanin ta biyu da ta uku inda feda ke juyawa a banza. Wanda ya miƙe tsaye yana taka feda a hawa, giya ta zame masa can, shi zai ba da labari. A wannan iri, ana ɗan tsayar da ƙafa lokacin canza giya; ta waje kuwa sai ana takawa take shiga.

4. Tsofaffin cibiyoyi suna da ɗan murfin zuba mai. Ɗiga man inji mara kauri, digo kaɗan lokaci-lokaci. Ban da man gyaɗa ko manja, suna daskarewa su manne kayan ciki. Baƙin man juye ma ƙazanta kawai zai ƙara.

5. In giyar waje ce, tsaya a bayan keken ka hango hannun. Idan ya karkata ciki, faɗuwa ce ta lanƙwasa shi, kuma babu saitin da zai yi sai an miƙe shi. Sukurori biyu masu alamar H da L su ke hana sarƙa wucewa iyaka. Ka fi kula da L, don idan ya saki, hannun na iya faɗawa cikin wayoyin ƙafa. Tsohon liba mara ƙas-ƙas yana aiki da kusan kowane hannu, amma mai ƙas-ƙas, irin wanda Shimano ta yaɗa daga 1984, sai da adadin haƙoran da aka yi shi dominsu.

6. Wajen saye, tafi da tsohon kayan a aljihu, kada ka dogara da kwatance. Tsofaffin masu gyaran keke sukan tara matattun ƙafafu a bayan rumfa, haka ma masu kekunan gwanjo. A ganina sayen matacciyar cibiya sukutum ya fi neman ƙwaya ɗaya, don ta isa kayan gyara na shekaru. Simplex mai jikin baƙar roba kuwa a duba ta da kyau a rana, tana tsagewa in ta tsufa. Zaren Faransa da na Ingila ba ɗaya ba ne, Raleigh ma tana da nata a wasu sassa. Notin da ya ƙi shiga da yatsu, kada a tilasta shi da sifana.

7. Idan dole sai an buɗe cibiya, shimfiɗa faranti, ka ɗauki hoto da wayar hannu a kowane mataki, ka jera kayan yadda suka fito. Akwai wasu sifirin sirara kamar gashi. Kada a yi aikin a kan yashi, kuma a nesanta yara har a gama.