Dam Ɗin Tiga: Bakin Ruwan da ke Ƙofar Gidanmu

Darasinmu na wannan mako a kan zuwa bakin ruwa ne don shan iska, da abin da ya kamata mu sani kafin mu je.

A zangon da ya wuce malaminmu ya shigo aji da taswirar duniya, ya nuna mana tekun Bahar Rum, wanda ke tsakanin Afirka da Turai da Asiya. Masar da Libiya da Tunisiya da Italiya da Girka duk suna bakinsa. Ya ce tun zamanin da fatake kan taso daga Tarabulus, wadda ke bakin wannan teku, su ƙetare Sahara a kan raƙuma su zo Kasuwar Kurmi. Ya kuma ce a can akwai ƙananan garuruwa marasa hayaniya, inda magidanci kan kai iyalinsa su yi kwanaki suna hutawa. Na ce a raina, mu kam sai dai mu ji labari.

Ashe muna da namu. Da hutun Ƙaramar Sallah Baba ya kwashe mu, ni da Inna da ƙannena biyu, muka je dam ɗin Tiga da ke ƙaramar hukumar Bebeji.

Tarihin dam ɗin

An gina shi daga 1971 zuwa 1974, lokacin Gwamna Audu Bako. Kogin Kano aka tare, wanda ke gangarowa daga kudu ya ratsa dajin Falgore. Idan ya cika, ruwan yana mamaye murabba'in kilomita 178. Da shi ake noman rani a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ake samun shinkafa da tumatir da alkama. Mutanen birnin Kano ma suna shan ruwansa.

Bambancinsa da teku

Allah ne ya yi teku, dam kuwa mutane ne suka gina shi. Ruwan teku gishiri gare shi, ba a sha, ba a ban ruwa da shi. Na Tiga kuwa ana yin duka biyun. Bahar Rum ya kai murabba'in kilomita miliyan 2 da rabi, don haka Tiga ɗigo ne a kansa. Amma da na tsaya a bakinsa, da ƙyar na hango ɗaya ɓangaren.

Abin da na gani

Mun shimfiɗa tabarma a inuwa. Iska mai sanyi tana kaɗawa, babu ƙarar mota sai kukan tsuntsaye. Mun hango otal ɗin Rock Castle a kan dutse. Masunta suna dawowa a kwalekwale da karfasa da tarwaɗa, Baba ya saya mana soyayye da yaji.

Da rana ta yi zafi na tuɓe riga zan faɗa ruwa, tunda na saba wanka a kududdufin garinmu. Sai wani dattijo mai gyaran raga ya ɗaga mini hannu.

"Yaro, ina za ka?"

"Baba, wanka zan yi. Na iya ruwa."

"Wannan ba kududdufi ba ne, ɗana. Nan iya gwiwa ne, amma taku uku gaba rami ne wanda ya fi tsawon mahaifinka."

Ya ɗauki gorar tuƙa kwalekwale ya zura a wurin, ta nutse kusan gaba ɗaya. Jikina ya yi sanyi, na mayar da rigata.

Abubuwan kiyayewa

1. Kada ka je ba tare da babba ba, kuma ka tambayi masuntan wurin kafin ka tsoma ƙafa.

2. Kada ka hau kwalekwalen da aka yi wa lodi ya wuce kima, ko wanda babu rigar kariya a ciki. A watan Nuwamba na 2021 jirgin ruwa ya kife a dam ɗin Watari da ke Bagwai, sama da mutum 20 suka rasu, da yawansu ɗaliban Islamiyya ne kamarmu. Allah ya jiƙan su.

3. Ka guji wanka a ruwan da ke kwance. Akwai ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da tsutsar tsargiya, wadda ke shiga ta fata. Wasu yara suna cewa fitsarin jini alamar girma ce. Ba haka ba ne, ciwo ne, kuma akwai maganinsa a asibiti.

4. Kada ka bar leda ko roba a wurin, kada ka yi bahaya a bakin ruwa. Wani ne zai sha, ko ya ci kifinsa.

Ba sai ka yi fasfo ba kafin ka kai iyali bakin ruwa. Amma a je lafiya a dawo lafiya shi ne hutu. Ina roƙon shugaban makarantarmu, idan da hali, a shirya mana ziyarar ƙaro ilimi zuwa Tiga tare da malamai.

Tambayoyi

1. A wace shekara aka gama gina dam ɗin Tiga?

2. Kawo ƙasashen Afirka uku da ke bakin Bahar Rum.

3. Ta yaya ake kamuwa da tsargiya?

A rubuta amsa a takarda a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Juma'a.

Daga ɗalibin aji biyu, ƙaramar sakandare